Babi na Bakwai: Gubar da Ba Ta Ruɓewa

Agwagi ne suka fara mutuwa. A farkon shekarar 2010, mutanen wasu ƙauyuka a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara sun lura agwagin da ke kiwo a bakin kududdufai suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ɗauki abin da zafi, domin mutuwar kaji da agwagi ba baƙuwa ba ce a karkara. Sai abin ya koma kan yara. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, jiki ya saki, daga nan sai jijjiga, kafin a ankara an kai shi makwancinsa. Wasu suka ce sanƙarau ne, tunda lokacin zafi ne. Wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, wasu kuma suka ce iska ce. An nemi maganin kowanne, sauƙi bai samu ba.

A watan Maris na shekarar, ma'aikatan ƙungiyar likitoci na gari na kowa, wato MSF, da suke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka ga sababbin ƙananan kaburbura sun yi yawa a maƙabartun ƙauyukan. Suka ɗebi jinin wasu yara aka kai Turai aka auna, sakamako ya dawo da kalma ɗaya: dalma. Da masana daga Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka suka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma, sun tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda. Ɗaya ke nan cikin kowane huɗu. Kafin a shawo kan lamarin, yara sama da 400 sun mutu a yankin.

Gubar a cikin ƙasa take: ƙasar tsakar gida da yaro ke rarrafe a kai, ƙasar masussuka, ƙasar bakin kududdufin da dabbobi ke shan ruwa. A babin nan ina so mu bi sawunta, mu ga yadda take shiga gona, da yadda take fitowa daga gona ta isa akushi.

Abin da idon manomi ba ya gani

Manominmu ba jahilin ƙasa ba ne. Ya san jigawa ya san fadama, ya san laka mai riƙe ruwa da yashi mai zubar da shi. In ya ga ƙuduji ya mamaye dawa, ya san ƙasa ta gaji tana neman taki. In ya ga fari-fari ya fito a saman lambu, ya san gishiri ne ke tasowa. Wannan ilimi na kaka da kakanni ya ciyar da mu ɗaruruwan shekaru, kuma duk ya dogara ne ga abin da ido ke gani da abin da hannu ke ji.

Ƙarafan da masana ke kira masu nauyi sun fi ƙarfin wannan ilimin. Su ne dalma, da kadmiyam, da zaiba, da kromiyam, sai kuma asenik, wanda a ilimin kimiyya tsakanin ƙarfe da wanda ba ƙarfe ba yake, amma ana lissafa shi cikinsu saboda ɓarnarsu ɗaya. Ba su da wari, ba su canza launin ƙasa. Gero na iya yin kore shar, ya fitar da zangarniya mai kyau, a kan ƙasar da ke cike da su.

Babban abin tsoro a tattare da su shi ne ba su ruɓewa. Kashin shanu yakan ruɓe ya zama abincin shuka. Karan dawa yakan ruɓe. Hatta yawancin magungunan feshi, komai ƙarfinsu, rana da ruwa da ƙananan halittun cikin ƙasa sukan karya su a hankali. Ƙarfe kuwa asali ne daga cikin tubalan da aka gina duniya da su, babu wani abu ƙasa da shi da zai narke ya koma. Sai dai ya canza wuri: daga dutse zuwa ƙura, daga ƙura zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa jini. A jihar Washington ta Amurka, masu gonakin tufa sun shekara kusan hamsin suna fesa wani maganin ƙwari da aka haɗa da dalma da asenik, har zuwa ƙarshen shekarun 1940. An sare itatuwan, an gina gidaje da makarantu a wurin, waɗanda suka yi feshin sun daɗe da rasuwa, amma har yau in aka auna ƙasar sai a tarar da gubar kwance.

Matsalar ta duniya ce baki ɗaya. A shekarar 2014 gwamnatin Sin ta bayyana cewa kashi 19.4 cikin 100 na wuraren da ta auna a gonakinta sun wuce ƙa'idar gurɓata, kuma kadmiyam ne kan gaba. A 2025 wani bincike da aka buga a mujallar Science, wanda ya tattara awon ƙasa daga wurare kusan 800,000, ya ƙiyasta cewa kashi 14 zuwa 17 cikin 100 na gonakin duniya na ɗauke da aƙalla ɗaya daga cikin ƙarafan nan fiye da kima. Sai dai kowane ƙarfe da hanyarsa ta shiga abinci, kuma wanda bai san hanyar ɓarawo ba, ba zai san ƙofar da zai tsare ba.

Hanyar ƙura

Mu koma Zamfara. A shekarar 2009 farashin zinare a kasuwar duniya ya haura dala 1,000 kowane oza ya zauna a can. Ga manomin da damina ɗaya ce abin dogaronsa, wannan ba ƙaramin labari ba ne. Maza suka shiga ramuka suna haƙo dutse, suna kawo shi cikin gari a buhuna. A tsakar gida aka riƙa farfasa shi, mata suna dakawa a turmi, ana niƙa shi a injin niƙan hatsi, a wanke garin, a zuba zaiba ta kama zinaren. Abin da ba su sani ba shi ne, jijiyar dutsen da suka faɗa wa a wannan karon cike take da dalma, dangin dutsen nan da ake yin tozali da shi, har da ɗan asenik a ciki. A lokacin, ƙa'idar Amurka ga filin da yara ke wasa ita ce kada dalma ta wuce miligiram 400 a kowane kilo na ƙasa. A wasu wuraren da aka niƙa dutsen an sami fiye da miligiram 100,000. Wato a kowane kilo goma na ƙasar, kilo guda dalma ne.

Me ya sa yara suka fi jin jiki? Yaro a ƙasa yake yini, hannunsa daga ƙasa sai baki. Hanjinsa kuma yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da hanjin babba ke tsotsa. Jiki kan ɗauke ta a matsayin kalsiyam, sinadarin gina ƙashi, sai ya buɗe mata ƙofa har cikin ƙwaƙwalwar da ba ta gama ginuwa ba. Wanda ya tsira da rai na iya tashi da makanta ko shanyewar jiki, ko kuma raunin fahimta da ba a gane shi sai ya shiga makaranta ana ce masa daƙiƙi.

Da masu bincike suka auna hatsin ƙauyukan, sun gano wani abu da ya kamata kowane magidanci ya riƙe. Dalma ba ta cika bin saiwa ta hau cikin ƙwayar gero ko dawa ba. Ƙasa kan riƙe ta gam. Yawancin gubar da aka samu a abinci bayan girbi ta shiga: wajen sussuka a gurɓataccen fili, wajen shanya a ƙasa, wajen daka da niƙa a turmi da injin da suka taɓa dutsen. Hatsin ya fito gona lafiya, a hanyar zuwa tukunya ya kwashi ajali.

Magani sai da ya faro daga ƙasar kanta. Likitoci suka ce ba amfanin wanke jinin yaro a mayar da shi tsakar gidan da ta sa masa cutar. Don haka aka ɗauki mutanen ƙauyukan aiki, da fatanya da shebur da baro, ƙarƙashin jagorancin kamfanin TerraGraphics da Cibiyar Blacksmith. Aka kankare saman ƙasa gida bayan gida, aka binne ta a ramuka na musamman, aka shimfiɗa sabuwa. Daga 2010 zuwa 2013 an kwashe ƙasa mai yawan kubik mita sama da 27,000 daga gidaje da wuraren niƙa 820 a ƙauyuka takwas. Bagega, wadda ta fi girma a cikinsu, sai da ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin, bayan matasa da ƙungiyoyi sun yi ta kururuwa. Shekara biyu kacal bayan haka, a 2015, irin wannan masifa ta sake aukuwa a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Ban ga laifin uban da ya kawo dutse gida ba. Talauci ne ya tura shi rami, ƙaunar iyalinsa ce ta sa ya kawo aikin kusa da su don kowa ya samu. Abin da ya rasa shi ne wanda zai auna dutsen ya gaya masa gaskiya tun kafin a fara haƙa ƙananan kaburbura.

Hanyar saiwa

Kadmiyam halinsa dabam ne. Shi saiwa yake bi, musamman in ƙasa tana da tsami, ya hau ya zauna cikin ganye da ƙwaya, inda wanki ba ya kai gare shi. Japan ce ta fara koya wa duniya wannan darasi, da hawayen matan karkara.

A lardin Toyama akwai kogin Jinzu, wanda manoma ke shayar da shinkafarsu da shi. A can sama da su akwai mahaƙar Kamioka ta kamfanin Mitsui, inda ake fitar da tutiya da dalma, dagwalon aikin yana gangarowa cikin kogin. Tun wajejen shekarun 1910 aka fara ganin wata cuta a ƙauyukan bakin kogin, mafi yawa a jikin matan da suka manyanta bayan haihuwa da yawa. Ƙoda takan lalace, ƙashi ya yi laushi, har tari mai ƙarfi na iya karya haƙarƙari. Saboda kukan da masu cutar ke yi aka sa mata suna itai-itai, wanda a Hausa sai mu ce wayyo-wayyo. An daɗe ana ɗora abin a kan rashin abinci mai gina jiki da wahalar aikin gona, wasu ma suna ɗaukarsa alhaki ne. Wani likitan yankin, Noboru Hagino, shi ya dage har a 1961 ya nuna yatsa ga kadmiyam. A 1968 gwamnati ta amince, a 1972 mutanen suka yi nasara ta ƙarshe a kotu.

Kadmiyam ya fi cutar da macen da jininta ya yi ƙaranci, domin jikin da ke yunwar sinadarin ƙarfe yakan buɗe hanji ya ja duk abin da ya yi kama da shi. In kuma ya shiga ƙoda, sai ya shekara goma zuwa talatin kafin rabinsa ya fita. Duk wanda ya san yawan matanmu da ke fama da ƙarancin jini bayan haihuwa, ya san wannan magana ta shafe mu.

Gyaran gonakin Toyama ya fara a 1979, bai ƙare ba sai 2012. Shekara 33, da kuɗi yen biliyan 40.7, don a canza ƙasar hekta 863, filin da ɗan yanki ne in aka kwatanta da filayen noman rani na Kadawa. Wannan fa Japan ce, mai kuɗi da injuna. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba sai da mahaƙa kadmiyam ke shiga gona ba. Dutsen da ake yin takin zamani mai fosfet da shi yana ɗauke da shi tun asali, wani kaɗan wani da yawa, shi ya sa tun 2022 Tarayyar Turai ta ƙayyade iyakar abin da za a yarda da shi a cikin takin da ke ɗauke da tambarinta. Ana kuma samun sa a wasu batura da fenti da tarkacen kayan lantarki da ake ƙonawa a bola.

Hanyar ruwa

Labarin asenik ya fi taɓa zuciya, domin da kyakkyawar niyya ya fara. A shekarun 1970 yaran Bangladash suna mutuwa da kwalara da gudawa saboda shan ruwan kududdufi. Gwamnati da Asusun UNICEF suka duƙufa haƙa rijiyoyin burtsatse, jama'a ma suka ɗauka, har rijiyoyin suka kai miliyoyi. Mutuwar yara ta ragu ƙwarai. Amma ba a auna ruwan don neman asenik ba, alhali yana kwance cikin lakar da koguna suka kwaso daga tsaunukan Himalaya tun dubban shekaru. A 1983 likitoci a Bengal ta Yamma, a ɓangaren Indiya, suka fara ganin mutane da baƙaƙen tabo a ƙirji da kanta mai kauri a tafin hannu da ƙafa. A 1993 aka tabbatar da gubar a rijiyoyin Bangladash. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada asenik ya wuce maikirogiram 10 a lita. Dubban rijiyoyi sun ninka haka sau goma, wasu sau hamsin. A shekarar 2000 an ƙiyasta mutum miliyan 35 zuwa 77 na cikin haɗari. Aka bi rijiyoyi da fenti: kore a bakin famfo a sha, ja a guje shi.

Sai dai fenti bai hana ruwan zuwa gona ba. Da irin wannan ruwa ake noman shinkafar rani, kuma an ƙiyasta yana zuba asenik sama da tan 1,000 a gonakin ƙasar kowace shekara. Shinkafa kuwa tana da rauni biyu. A cikin ruwa take tsayawa, kuma in ruwa ya rufe ƙasa iska ta yanke, asenik kan saki jikin laka ya narke. Sannan shinkafa mai son silika ce, sinadarin da ke ƙarfafa karanta, narkakken asenik kuma kama yake da shi, sai ya bi ta ƙofa ɗaya. Shi ya sa takan tara kusan ninki goma na abin da alkama ke tarawa. Ba ya kashewa nan take. Shekaru yake ɗauka, sannan ya fito da kansar fata ko ta huhu ko ta mafitsara, ko ciwon zuciya.

Asenik abokin tafiyar zinare ne a cikin dutse. An same shi da yawa a ƙasa da ruwan kewayen Obuwasi ta Gana, inda aka daɗe ana gasa dutsen zinare, an kuma same shi a rijiyoyin burtsatse na yankin Wahiguya a arewacin Burkina Faso. Duk inda haƙar zinare da noman rani suka yi maƙwabtaka, awon ruwa ya zama wajibi.

A bakin Jakara

A Kano hanyoyin nan uku sukan haɗu a lambu ɗaya. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima, abin da ya rage ya ruɓe. Masana'antun jima na zamani da kromiyam suke aiki. Dagwalon masana'antun Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da rafin Jakara, wadda ta riga ta kwaso ƙazantar cikin birni, su zarce madatsar Wasai. Na Sharaɗa da Challawa yana ƙarewa a kogin Challawa. A gefen waɗannan ruwaye dubban 'yan lambu ke noman latas da alayyafo da kabeji da karas, kuma bincike bayan bincike daga jami'o'inmu ya nuna kromiyam da dalma da kadmiyam fiye da kima a ƙasar da kuma ganyen. Ɗan lambu na son ruwan don ba ya ƙafewa da rani, ga shi yana sa ganye ya yi kyau. Wa zai ce masa ya bari bai ba shi wani ruwan ba?

Haka kuma takin bola. Ɗaruruwan shekaru jakuna na fita da shi daga birni zuwa gonakin kewaye, su dawo da itace da hatsi, dabarar da ta sa ƙasar Kano ke ciyar da jama'a mai yawa ba tare da an bar ta ta huta ba. A da, bola toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa. Bolar yau akwai mataccen batir a ciki, da gwangwanin fenti, da ƙonannen waya. Dabarar tana nan da kyanta, abin da ake zubawa ne ya canza.

Tsare ƙofofi

Tunda an san hanyoyin, an san abin yi. Ƙofar ƙura a hannun gida take: aikin dutse ya koma bayan gari, a jiƙa shi kafin niƙa, mai aikin ya yi wanka ya canza tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. Injin hatsi da turmin abinci kada su taɓa dutse ko sau ɗaya. A yi shanya a kan tabarma ko tamfol. A wanke ganye sosai, a fere karas, a wanke hannun yaro kafin ya ci.

Ƙofar saiwa a hannun manomi take. A tsince batura da tarkacen lantarki daga taki kafin a watsa. Toka da farar ƙasa na rage tsamin ƙasa, ruɓaɓɓen taki kuma na taimakawa wajen ɗaure ƙarfe. Inda ake zargin ƙasa, tumatur da kuɓewa da masara sun fi latas da alayyafo aminci, domin 'ya'ya ba su tara abin da ganye ke tarawa. Ga shinkafa, barin fage ya sha iska lokaci-lokaci na rage asenik, sai dai yana iya ƙara kadmiyam, don haka sai an san wanne ne a ƙasar. Dafa ta da ruwa mai yawa a tsiyaye na fitar da kusan rabin asenik ɗin.

Ƙofar ruwa kuwa ta fi ƙarfin talaka. Hukuma ce za ta tilasta wa masana'anta tace dagwalonta kafin ta sake shi, kuma tun 2007 Najeriya ke da hukumar NESREA da aka kafa don irin wannan aiki. Hukuma ce za ta sa a auna kowace rijiyar burtsatse kafin a buɗe ta. Na'urar hannu da aka yi aikin Zamfara da ita cikin minti ɗaya ko biyu take faɗin abin da ke cikin ƙasa. Kuɗinta bai kai na motar ofis guda ba. Ya kamata kowane ofishin malaman gona a yankin haƙar ma'adinai ya mallaki tasa.

In mutum zai sayi gona, ko in an zo rabon gado, akwai tambayoyin da ba a tsallakewa a gaban dagaci da shaidu. Ina iyakarta? Akwai rigima a kanta? Ruwa na kwanciya? Ina roƙon mu ƙara guda: me aka taɓa yi a wurin nan, kuma daga ina ruwansa ke zuwa? In an taɓa niƙa dutse, ko fasa batir, ko ƙona bola, ko zubar da dagwalo, a ɗebi ƙasar a kai awo kafin a sa iri. Gonar da ka karɓa daga mahaifinka, ita za ka miƙa wa ɗanka, da duk abin da aka zuba mata tsakanin hannunka da nasa.